Hoton Da Muke Turawa Gida: Rufin Asiri Ne Ko Ƙarya?



Sallah ta zo ta wuce, Allah ya maimaita mana. An wanke shadda an ninke an mayar akwati, lallen hannun yara ya fara gogewa, amma wayoyinmu har yau cike suke maƙil da hotuna. Duk wanda ya leƙa lambun Agodi ko gidan namun daji na Jami'ar Ibadan washegarin Sallah ya gane wa idonsa: maigida a tsakiya, uwargida a gefe, an jera yara tun daga babba har auta, mai riƙe da waya yana ta "ku matso, ku matso, kai buɗe idonka mana!" Wasu sun hau hasumiyar Bower sun ɗauko jan rufin kwanon garin nan har iya ganin ido. Wasu sun tsaya Dugbe a gindin Cocoa House. Wasu kuma manyan kantunan zamani suka shiga, ko tsinke ba su saya ba, sanyin wurin da hasken da ke fitar da hoto suka je nema.

Wannan duk farin ciki ne, kuma ba mu zo ɓata wa kowa shi ba. Mutumin da ya shekara rana da ruwa suna ƙarewa a kansa, in ya samu yini guda ya fita da iyalinsa, ai ya cancanci ya ajiye abin tunawa. Batun hukuncin hoto a shari'a kuwa, malamai sun daɗe suna magana a kai, sun kuma saɓa. Wannan fagensu ne, kowa ya koma wurin malaminsa. Tambayarmu ta yau a kan wanda ya riga ya ɗauka ne, ya danna ya tura Arewa: me ya faɗa wa mutanen gida da wannan hoton, kuma wa zai biya kuɗin maganar?

Yaron da ya zo da hoto a hannu

Abin da ya tayar da zancen shi ne, mako uku bayan Sallah, da sanyin safiya, wani yaro da bai fi shekara 16 ba ya sauko daga bayan tirelar albasa, ya yi ta tambaya har ya iso ƙofar masallaci riƙe da jakar bakko. Ba shi da kwatancen gida, lambar yayansa kuma ba ta shiga. Abin da kawai yake da shi hoto ne a cikin wata waya mai fasasshen gilashi: ga yayan nasa cikin farar shadda, ya jingina da baƙar jif, makulli na reto a yatsa, bayansa gilasan wani katafaren kanti.

Ya miƙa wa wani dattijo ya ce, "Baba, don Allah ko kun san gidan wannan? Yayana ne."

Dattijon ya san fuskar sarai. Mu duka mun san shi. Yaron kirki ne, ba ya wasa da sallah, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Dako yake yi da baro a kasuwar Bodija, su shida ne a ɗaki guda. Motar ta wani bawan Allah ce da ya faka ya shiga sayayya. Makullin kuwa na kwadon ɗakinsu ne. Dattijo ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Zauna ka sha shayi, ɗana, yanzu za a nemo shi."

Daga baya muka ji sauran labarin. Yaron tunkiyar da mahaifiyarsu ta ba shi kiwo ya sayar ya yi kuɗin mota, ya baro gona ana tsaka da aiki. Babu wanda ya ce masa ya zo. Hoto ya gani ya taho.

Da daddare bayan Isha'i majalisa ta rabu biyu. Wani ya ce, "To wai me yaron nan ya yi? Ya ce motarsa ce? Bai ce ba. Asirinsa ya rufa, kada uwarsa ta shiga damuwa." Wani mai sayar da goro ya karɓe, "Bai ce da baki ba, Alhaji, amma ya ce da makulli." Aka yi dariya, amma aka tashi ba a raba gardamar ba. Mu kuma muka ga ya kamata a ƙarasa ta a nan, don wallahi kaɗan ne cikinmu wayarsa ba ta da irin wannan hoton, ko da ƙanƙaninsa.

Gani ya kori ji

Tun da aka kafa Sabon nan a 1916, kai tun ma kafin nan, tun da jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901 ya kuma kai Kano a 1911, labarin Kurmi yake tafiya Arewa. Sai dai da baki yake tafiya: bakin fatake masu kai goro, bakin masu rakiyar shanu, daga baya na direbobi, sai wasiƙar ajami, sai kaset da ake naɗar murya a ba mai tafiya. Labarin baki kuwa kowa ya san yadda ake sayensa, sai an yi ragi. In wani ya koma gida ya ce "ai wane ya yi kuɗi a Badun", tsohuwa sai ta ce "to, Allah ya sa", ta raba maganar biyu ta riƙe rabi. Ta san mai ba da labarin, ta san ko mai ƙara gishiri ne.

Hoto ba a yi masa ragi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma haka zuciya take, abin da ido ya gani ba ta tsayawa ciniki a kansa. Ga shi kuma abin ya yi araha. Da can fim guda hoto 24 ko 36 yake ɗauka, sai an kai an wanke an biya, sannan a jira mai tafiya. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, ba a jima ba kyamara ta shige cikinta, yau ga shi kafin mutum ya bar bakin motar da ya jingina da ita, hotonsa ya riga ya isa ƙauyensu.

Ana cewa kyamara ba ta ƙarya. Gaskiya ne, amma mai riƙe da ita ne ke zaɓa mata inda za ta kalla. Taku ɗaya zuwa hagu, kwata ta fita daga hoto. Ɗan ɗaga waya sama, takalmin da ya tsinke ya ɓace. Kowane hoto gefe huɗu gare shi, kuma abin da aka bari a bayan gefen ya fi wanda ke ciki yawa. Wato duk hoto zaɓi ne. To shin duk zaɓi ƙarya ne? In haka ne babu mai gaskiya a cikinmu, don har wanda ya share tsakar gida saboda baƙo zai zo ya zama maƙaryaci. Ke nan dole akwai iyaka a wani wuri, kuma ita muke nema.

Kayan aron gidan hoto

Wani zai ce ai jingina da motar da ba taka ba tsohon abu ne. Haka ne. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani shahararren mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Ya tanadi rediyo da agogo da alƙalami da keke da babur, har da mota, duk don masu zuwa ɗaukar hoto su ara su tsaya da su. Mu ma nan manyanmu za su tuna shagunan masu hoto da labulen da aka zana wa jirgin sama ko bene, da furen roba, da wayar tarho da ba ta haɗe da komai. Da yawa cikin iyayenmu suna da hoto riƙe da wannan tarhon, sun kara a kunne suna murmushi.

Me ya sa ba mu kira su maƙaryata ba? Saboda mai kallon ya san dokar wasan. Duk wanda ya ga labulen nan ya san gidan hoto ne, ya san furen da aka ba wane shi aka ba wance jiya. Kwalliya ce da mai yi da mai gani suka yi tarayya a kanta, kamar yadda ba wanda ke ganin ango cikin alkyabba ya ɗauka an naɗa shi sarki. Ƙarya ba ta tabbata sai da wanda aka yi wa ita.

Abin da ya canza yau shi ne labulen ya ɓace. Motar ta gaske ce, ginin na gaske ne, titi ne na sosai, babu wata alama da za ta gaya wa mai kallo cewa aro ne. Ga manhajojin gyaran hoto da ke wanke fuska su goge ramar wahala, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da za ta ajiye mutum a ofishin da bai taɓa takawa ba. Wasan yana nan yadda yake, amma ɗaya ɓangaren bai san wasa ake yi ba.

Haƙƙin rufin asiri

Kafin mu yanke wa kowa hukunci, mu ba Alhajin da ya kare yaron haƙƙinsa, don maganarsa tana da nauyi. Rufin asiri ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Shi muke roƙo safe da yamma. An tarbiyyantar da mu a kan cewa namiji ba ya tallata wahalarsa, mace ba ta kai kukan tukunyarta maƙwabta. Mun san mutanen da suka kwana da yunwa suka fito da wankakkiyar riga, aka gaisa da su suka ce "alhamdu lillahi", kuma ba ƙarya suka yi ba. Wanda uwarsa ke fama da hawan jini, a ce dole sai ya tura mata hoton barandar da yake kwana? Wannan ba gaskiya ba ce ma, rashin tausayi ne. Ba kowace gaskiya ce ake bin mutum bashinta ba. Yana da damar ya yi shiru, yana da damar ya sa mafi kyawun kayansa ranar Idi ya tsaya inda haske yake da kyau.

To ina iyakar? A ganinmu wuri biyu take.

Na farko, bambancin ɓoyewa da ƙirƙira. Wanda ya sa shaddarsa ya tsaya a lambun Agodi ya ɓoye ɗakin da yake kwana, amma duk abin da ke cikin hoton nasa ne: rigarsa ce, fuskarsa ce, kuma da gaske ya je wurin. Wanda ya ɗaga makulli a jikin motar wani kuwa ya ƙaro abin da babu. Na farkon ya rufe ƙofarsa ne, na biyun ya zana ƙofa a jikin katanga, duk wanda ya taho da gudu zai fasa goshi.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci: wa zai ɗora shawara a kan hoton? Rufin asiri yana kare mai shi ne ba tare da ya ɗauki komai daga hannun kowa ba. Da zarar wani ya sayar da tunkiya, ko ya ba da 'ya, ko ya ba da bashi saboda abin da muka nuna masa, to maganar ta tashi daga rufin asiri, ta koma cin haƙƙi. Shi ya sa hoto guda zai iya zama halal ɗin kwalliya in aka nuna wa abokin ɗaki da ya san komai, ya kuma zama tarko in ya faɗa wayar ƙane mai shekara 16.

Masu biyan kuɗin

Mu ƙirga su, don mun san su. Akwai ƙannen da ke barin makaranta da gona su taho, su tarar babu ɗaki babu jari, wasu su faɗa hannun da bai kamata ba. Akwai dangin da ke ganin hoto su aiko da buƙata, kuɗin taki ko na asibiti ko na biki, in aka ce babu su ce "yana da shi, rowa ce", zumuncin shekaru ya lalace a kan motar da mai ita bai ma san an jingina da ita ba. Akwai yarinyar da iyayenta suka amsa magana saboda hotunan da suka gani, aka kawo ta Kurmi ta tarar da abin da ta tarar. Aure nawa muka zauna sulhunsa a masallacin nan wanda farkon maganar matar shi ne "ba haka aka nuna mini ba"?

Sannan akwai mai hoton kansa, wanda sau da yawa shi ya fi kowa biya. Duk mun san wani da ya shekara huɗu, biyar, bai je gida ba. Ba kuɗin mota ya rasa ba. Mutumin da ke cikin hoton ne ba zai iya komawa da shi ba. In ya sauka a tasha da jaka ɗaya, me zai ce wa masu jiran jif? Sai ya ce sai baɗi, baɗi ta zo ya ce sai wata baɗin, har a bugo waya a ce tsohuwa ta cika. Zanen aro ba ya rufe katara, amma wannan zanen har ɗaure ƙafa yake yi.

Kada kuma mu manta da abin da ya riƙe unguwar nan tun asali. Wani mai bincike daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna cikin mutanen Sabo a 1962 zuwa 1963, kuma a littafin da ya fitar a 1969 ya nuna cewa cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu a kan bashi da amana yake tafiya: mai kaya ya sauka wurin maigida, dillali ya haɗa ciniki, a ba mahauci shanu ya biya daga baya, maigida ya tsaya a tsakani da sunansa. Jarin kakanninmu shi ne a san gaskiyar ƙarfin mutum. Al'ummar da kowa ya koyi nuna abin da ba shi da shi, da me za ta auna wanda za a ba kaya?

Uzuri biyu

Za a ce, "Haba Malam, ai yanzu kowa ya san hoton Facebook da na WhatsApp ba a ɗaukarsa da gaske." Mu da ke nan mun sani, don mun san wurin da aka tsaya, wataƙila ma mu muka riƙe wayar. Yaron da bai taɓa wuce babban garin ƙaramar hukumarsu ba fa? Kuma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: in da gaske ba wanda zai yarda, me ya sa aka ɗaga makullin? Mai yin irin wannan hoto yana fatan a yarda ne, ya kuma ajiye wa kansa hanyar cewa "ni ban ce ba". Wannan dabara ce ta mai son ribar ƙarya ba tare da ɗaukar sunanta ba.

Za a kuma ce, "To sai mu riƙa tura hoton wahala ke nan?" A'a, don ita ma wahalar ana ƙaryarta. Akwai mai hali da ke tura hoto cikin yagaggiyar riga don kada a roƙe shi. Akwai mai yawo da hoton majinyacin da ya daɗe da warkewa. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su da mai makulli, kowa ya shirya abin da ido zai gani don ya juya zuciyar wani.

A nan ne ma za mu ga wani abin kunya a halinmu. Muna kaffa-kaffa da namu asirin, amma na wasu a banza yake a wurinmu. An yi haɗari a titi, kafin a miƙa hannu an miƙa waya. An raba zakka ko abincin azumi, sai an tsayar da bazawara da buhu a hannu an ɗauke ta. Mun je yawon Sallah, mun ɗauko matan mutane da 'ya'yansu a bayan namu, mun watsa ba mu tambayi kowa ba. An kama yaro da laifi, kafin iyayensa su ji, Kano da Sakkwato sun gani. Suratun Nur ta koya mana neman izini kafin shiga gidan mutane, Suratul Hujurat ta hana mu bin diddigin sirrin juna. Idon waya ma ido ne, kuma ya fi namu muni, don shi ba ya mantuwa. In rufin asiri muke so da gaske, mu fara da na wanda ba shi da ƙarfin hana mu ɗaukarsa.

Hoton da ba mu ɗauka ba

Akwai wata asara da ba a cika lura da ita ba. Kowa ya buɗe wayarsa ya duba: hoton Sallah nawa, na biki nawa, na bakin kanti nawa? To hoto nawa ne na wurin da yake samun abincin da ya yi duk waɗannan? Teburin mai shayi da asuba, huhun goro ana kwancewa, mai tsire yana jera nama, tela a kan kekensa, 'yan dako suna sauke tumatir, yara da alluna a zaure, uwargida tana tuƙa tuwo a lungun da muka mayar kicin. Nan rayuwarmu take kusan duk kwanakin shekara, amma mun bar ta ba shaida, kamar abin kunya ce. Alhali da baron nan aka biya kuɗin makarantar ƙanne, da tiren nan aka rufa ɗakin tsohuwa da kwano.

Akwai wani mai hoto ɗan ƙasar nan, J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara aiki a nan Ibadan, a ɗakin wanke hotuna na ma'aikatar yaɗa labarai a shekarun 1950. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson mata, abin da kowa ke gani kullum ba ya ɗauka a bakin komai, har ya tara hoto wajen 1,000. Kafin rasuwarsa a 2014, manyan gidajen adana kayan tarihi na duniya suna baje hotunan nan. Abin da ake rainawa yau saboda yawansa, shi ake nema gobe a rasa.

Mu ma mun ɗanɗana wannan. Bayan rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, da aka rasa rayuka aka ƙone rumfuna da gidaje, wani ɗan uwanmu da ya yi shekaru a can ya zauna yana laluben wayarsa, yana neman ko hoto ɗaya na rumfarsa ya nuna wa 'ya'yansa. Ya samu kansa a gidan namun daji, ya samu kansa a bakin kanti, ya samu kansa a wurin bikin mutanen da ya manta sunansu. Rumfar da ta ciyar da gidansa kuwa babu ita. Ya ce mana, "Ban taɓa ganin ta isa a ɗauka ba."

Ku lura da yadda muke kallon tsofaffin hotunan iyayenmu. Fuskar muke fara dubawa, daga nan sai ido ya tafi baya: wane shago ne wancan, ashe da bishiya a nan, ashe haka masallacin yake kafin a ɗora bene. Jikokinmu ma haka za su yi. In duk abin da muka bar musu motocin mutane ne da gilasan kantuna, za su san yadda Ibadan take, amma ba za su san yadda muka zauna a cikinta ba.

Kafin a danna

Ba doka muke kafawa ba, nasiha ce ga kanmu da ku. Kafin mu tura hoto, mu tambayi zuciyarmu: abin da ke ciki nawa ne, ko ina so a zaci nawa ne? Wa zai gani, kuma me zai iya aikatawa saboda shi? Akwai fuskar wani a ciki da bai ba ni izini ba? In hoton na wasa ne, kalma biyu sun isa su mayar da labulen gidan hoto: "motar mutane ce, ku taya mu addu'a." Ba abin da ya ragu a kwalliyar, kuma ba wanda zai sayar da tunkiya.

Sannan mu ɗauki rayuwarmu ta yau da kullum, da izinin waɗanda ke ciki. Mu zaɓi kaɗan mu kai a wanke a takarda, a rubuta suna da wuri da shekara a baya, don waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa da duk abin da ke cikinta.

Yaron nan kuwa yana nan. Da aka nemo yayansa ya zo da ƙurar kasuwa a jikinsa, suka tsaya suna kallon juna, aka rasa mai fara magana. Manya suka sa baki, wani tela ya karɓi ƙanen yana koya masa ɗinki, da sharaɗin zai koma gida in kaka ta yi, a yi shawara da iyaye. Tunkiya dai ta tafi, noman bana kuma an yi shi babu hannunsa. Da aka ce wa yayan ya kira mahaifiyarsu ya faɗa mata gaskiya, sai da ya kwana biyu yana juya wayar. Daga ƙarshe ya tsaya shi da ƙanensa a bakin Bodija, baro a gabansu, wani ɗan dako ya ɗauke su. Amsar da ta zo saƙon murya ne gajere, ya kunna mana da kansa. Ba ta ambaci mota ba ko sau ɗaya. Cewa ta yi, "Na ga ka rame. Kana cin abinci kuwa? Allah ya yi muku albarka, ka riƙe ɗan uwanka."

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa zahirinmu ya yi daidai da baɗininmu, ya yi wa nemanmu albarka, ya mayar da kowa gida lafiya. Juma'a mai albarka.